Goron da Ya Shaƙe Babur

Jama'a, duk garin Jos babu wanda ya san cikin babur kamata! Tun kafin fam ya koma naira nake kan sirdi. To ku ji ta yau.

Ina hawan Tudun Wada sai babur ya kama shaƙuwa. Tut-tut, ya fizga, ya tsaya! Baƙin hayaƙi kamar ana babbakar sa a mayankar Abattoir. Na zaro sukundireba na murɗa kafireto dama, ya yi tari. Na murɗa hagu, ya mutu murus!

Nan zuciyata ta ce Emeka ne, bakaniken da ya wanke min kafireton jiya. Ai na ga yana wani sunne kai. Ya musanya min da tsoho!

Na turo babur har garejinsa, gumi sharkaf, na tara mutane.

"Emeka, fito min da kafiretona!"

"Oga, ni ɓarawo? Shekara nawa ina yi maka aiki?"

Ya duƙa ya buɗe akwatin da iska ke shiga. Sai ga ƙunshin ganye ya toshe bakin tam. Ya warware. Farin goro, manya-manya!

Wayyo! Ni na cusa shi jiya da yamma, gudun 'yan majalisarmu ta unguwar Ali Kazaure masu "ɗan ɓallo min", na manta sam.

Emeka ya zaɓi babba ya gatsa, ya dube ni.

"Oga, ba kai ne jiya na roƙe ka goro ka rantse ba ka da ko ɓari ba?"