Zuwa Umdurman Neman Fuskar Bashir

Alhilla Kuku

To, 'yan'uwa, ga yadda ta kasance. Na fita daga unguwarmu, Alhilla Kuku, ƙarfe biyar da rabi, gari bai waye ba. Idi tela, ɗan ƙanena, shi ya aiko cewa za a nuna jikana Bashir a talabijin yana tsere a kan dusar ƙanƙara. Tun da 'yata ta rasu ubansa ya tafi da shi Turai, yana ɗan shekara bakwai. Ba murya, ba hoto. Fuskarsa kawai nake so in gani kafin in kwanta dama.

Na shiga hafila, wato bas. Direba ya ce, "Hajja, ina zuwa da sanyin nan?"

Na ce, "Ganin jika."

Ya ce, "Shi ƙafarsa ta karye ne?"

Suk al-Arabi

Ƙarfe bakwai muka sauka. Na sha shayi da zalabiya, irin fanken nan, na canza mota. A bakin gada soja ya kwance ƙunshina, ya tarar da dabino, don ba a zuwa wurin jika hannu rabbana. Ya ɗebi rabi.

Kasuwar Umdurman

Na isa shagon Idi ƙarfe tara, muka ci ful, dafaffen waken nan, na zauna jira. Bayan azahar ya kunna talabijin, teloli suka tsayar da kekunansu. Sai ga mutum huɗu jere a kan dutse fari fat, dogayen katakai a ƙafa, kowa da hular kwano da tabarau har hanci.

Na ce, "Idi, wanne ne nawa?"

Ya ce, "Mai koriyar riga, Gwaggo. Biyun farko ne ke wucewa."

Aka sake su. Suka gangaro, suka tashi sama, suka dira, kafaɗa na gugar kafaɗa. A kwana ta biyu mai kore ya kife, ƙanƙara ta turnuƙe shi. Hoto kuwa ya yi gaba.

Na miƙe. "Ku koma masa! Ya tashi?"

"Gwaggo, na gaba ake bi."

A ƙasa ukun suka ɗage tabarau suna dariya. Na ƙare wa jikokin wasu kallo, ɗaya bayan ɗaya, har haƙoransu na gani.

Gida

Na iso ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Idi. Maƙwabta suka taru suna tambaya, "Da wa ya yi kama, uwar ko uban?"

Na ce, "Koriyar riga gare shi."