Ruwan Sama da Gero

Mahaifina ya yi shekaru a gidan rediyo ba a taɓa jin maganarsa ba. Shi ne ƙofar da ke ƙara, shi ne jakin da ke kuka a wasan barkwancin da wani kamfanin sabulu ke ɗaukar nauyi. Kai tsaye ake watsawa, ba a naɗa. Da girma ya zo ya koma ɗan sahun gaba a masallaci, sai ya rufe zancen ruf. Wai shiririta ce.

Ni kuwa da rigimata, a jami'armu ta Jalan Semarak, can ƙasar waje inda nake karatu, na ɗauko bincike kan waɗannan wasanni. Malamata ta ce in babu shaidar wanda ya yi aikin da hannunsa, in canja batu. Sau huɗu ina kiran Baba, sau huɗu yana tambayata ko ina azkar.

Wata Asabar na tara matan benenmu na unguwar Cheras mu kwaikwayi wasa ɗaya. Maƙwabciyata 'yar Zariya ce jaki, ta dage har wata tsohuwa 'yar Sin ta leƙo ta ga lafiya. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Da aka zo wajen ruwan sama sai hadarin la'asar ya ɓarke, na miƙa waya ta taga na naɗi na gaske. Don tsokana na tura wa Baba.

Ko shayi ban gama haɗawa ba ya kira ta bidiyo, hula a karkace.

"Wa ke suyar ƙosai a tsakiyar wasa?"

"Baba, ruwa ne fa, na gaske."

"Na gaske ba ya fita a rediyo! Ku ba ni gero da tire."

Mutanen gida suka kawo masa, ya shimfiɗa takarda kan tiren, ya riƙa sakin geron kaɗan-kaɗan daga tafinsa. Yayyafi ya fara, ya kankama. Ya girgiza guntun kwanon rufi, tsawa ta faɗi, jakarmu 'yar Zariya ta yi salati ta toshe kunne. Muka sa ihu muna tafi. Sai ga Baba, mai carbi a wuya, ya miƙe wuya ya rangaɗa kukan jaki. Daɗi ya kusa kashe ni.

Da ya gama dariya ya share ido da hannun riga.

"Kunna abin naɗar taki," ya ce. "Mu bakwai ne a ɗakin rediyon nan, saura ni kaɗai."