Ranar da Mai Tagulla Ya Faɗi Sunan Matarsa

Wata rana, a bakin wani shagon gyaran fanka, wani bawan Allah ya bugi ƙirji ya ce shi ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai buɗe fuskarsa ba.

Garzali sunansa, shi ne mai shagon. Magidanci ne har da furfura a gemu, amma in kana so ya ajiye filaya ya manta da kwastoma, ɗauko masa zancen katun, wato labarin zane.

Shi da abokansa suna da guruf a waya, suna bin wani labarin zane da wani matashin garinsu yake fitarwa duk Juma'a. Jarumin labarin shi ne Mai Tagulla. Yana rufe fuska da jan ƙarfe, yana ceton mutane, kuma dokarsa ɗaya ce: kada kowa ya san ko shi wane ne.

To a fitowar makon, miyagu sun ritsa Mai Tagulla a kan gada, sun ce ya buɗe fuska ko su jefa shi ruwa. A nan mai zanen ya ajiye alƙalami.

Musu ya kaure.

Nafi'u mai sayar da caja ya ce, "Zai buɗe mana. Rai fa ake magana, Garzali."

Garzali ya yi tsaki. "Kai dai da tsoro aka haife ka. Jarumi ba ya buɗe fuska. Ni nan da kake gani, in ni ne a kan gadar nan, sai dai su gaji su tafi."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ana nan sai 'yan guruf suka shirya taro a filin makarantar unguwa don karrama mai zanen. Aka ce ana son wanda zai sa kayan Mai Tagulla ya fito. Kafin a rufe baki Garzali ya ɗaga hannu.

Tela ya ɗinka masa baƙar riga haɗe da wando, da safar hannu, da fuska ta soso mai kauri da aka shafa wa jan fenti. Garzali da kansa ya ce a ɗinke fuskar da wuyan rigar.

"Don kada wani ya ce ina da niyyar cirewa," in ji shi.

Zif ɗin kuwa a baya yake, daga ƙugu har ƙeya.

Ranar taro bayan la'asar, tela ya zuge masa zif. Nafi'u ya zo da babur zai ɗauke shi, ya ƙi hawa. Wai jarumi ba ya zuwa a goye. Shi ta lungu zai bi, ya diro ta katangar makaranta, kowa ya sha mamaki.

Abin da ya manta shi ne, satin nan gaba ɗaya maganar masu satar yara ake a unguwar. Iyaye mata sun daina aiken yara ko sayen magi.

Ya shiga lungu.

Ramukan idon ƙanana ne, gabansa kaɗai yake gani. Ba ya jin komai sai numfashinsa yana dawo masa da zafi.

Wata mata ta leƙo zubar da ruwan wanke-wanke. Ta gan shi. Robar ta suɓuce daga hannunta.

Garzali ya ga ta tsorata, sai ya ce bari ya kwantar mata da hankali. Ya yi mata gaisuwar Mai Tagulla, wadda duk ɗan guruf ya sani: ya dunƙule hannu ya ɗaga sama.

Ita ba ta cikin guruf.

"Wayyo jama'a! Ga shi nan! Mai satar yara!"

Ƙofofi suka fara buɗewa. Ya ce, "Ni ne, ni ne," amma soson ya shanye muryar, sai wani gurnani da ya fito.

Dutse na farko ya same shi a kafaɗa.

Ya ruga. Gudun kuwa shi ya ƙarasa tabbatar musu. Yana jin ƙafafu a bayansa suna ƙaruwa, ihu yana riga shi shiga kowace kwana. Da wannan ɗan ramin ido ya kauce hanya, ya faɗa lungun da ba ya ɓullewa.

Katanga a gabansa. Ya yi tsalle irin na cikin zane, wandon ya riƙe masa gwiwa, ya dawo ƙasa tim.

Ya kai hannu baya yana laluben zif. Hannun bai kai ba. Ya ja fuskar da ƙarfi, ɗinkin ya shaƙe masa wuya. Tela ya yi aiki mai kyau, yadda aka ce masa.

Da ya juyo, bakin lungun ya cika. Taɓare, gora, guntun bulo. Fuskokin mutanen da ya sani ne, wasu ma a sahu ɗaya suke sallah, amma yau ba wanda yake masa kallon mutum.

Daga baya wani ya ce, "A kawo taya."

Nan Garzali ya jingina da katanga. Ya tuna ƙaramar 'yarsa da ta ce ya taho mata da alewa daga wurin taro. Ya fara salati a cikin soso, ba mai ji sai shi.

Sai ga Kwamandan 'yan sintirin unguwa ya ratso, ya gitta gorarsa a gaban mutane.

"Ku dakata! Kai, buɗe fuskarka."

Garzali ya sa haƙori ya ciji soson ta ciki, ya yage shi, ya tofar. Muryarsa ta fito kamar ta akuyar da aka taka.

"Garzali ne! Garzali mai fanka! Mijin Sa'ade! Ɗan Malam Buhari na bayan masallaci! Kwamanda, ni na gyara maka fankar ɗakinka mai ƙara!"



Kwamanda ya dube shi daga sama har ƙasa, ya sauke gora.

"Har yanzu tana ƙara," in ji shi.

Taɓare suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Mai neman taya ya sulale, har yau ba a san ko wane ne ba.

Ihun kuwa ya kai filin makaranta. 'Yan guruf suka iso a guje, har da mai zanen, suka tarar da jaruminsu zaune a bakin kwata, takalmi ƙafa ɗaya.

Nafi'u ya zagaya bayansa ya kama kan zif ɗin. Bai ja ba.

"Mai Tagulla, in buɗe, ko mu jira su gaji su tafi?"

"Buɗe, Nafi'u. Don girman Allah buɗe."

Zuuu.

Fuska ta fito jiƙe da gumi da hawaye, jan fenti har cikin gemu, guntun soso maƙale a haƙori. Wayoyi duk a sama. A can bayan taro kuma ga Sa'ade da mayafi a karkace, an je an gaya mata an kama mai satar yara yana kiran sunanta.

Darasi: Jarumin cikin zane ba ya jin zafin dutse, kai kana ji. Kada ka sa a ɗinke maka cika bakinka a wuya, ranar tsoro hannunka ba zai kai zif ba. Ku kuma masu saurin ɗaukar taɓarya, ku tambayi mutum sunansa tukuna. Da Kwamanda ya makara kaɗan, da yau ba dariya muke ba.

Tura wa jarumin gurufinku ya karanta. Kowane guruf yana da nasa, kun san shi.