Littafin Doka da Ɗorawar Kakata

A makarantarmu ta Tambuwal akwai ɗakin karatu, a ɗakin karatun kuma akwai littattafan doka guda talatin da ɗoriya, masu jan bango da rubutun zinariya. Shekarar da kuɗin mai ya hau kan gwamnati aka sauke mana su daga Sakkwato cikin kwalaye. Mun roƙi fitilu da ƙwallo, aka aiko mana da doka. Malamin da ke riƙe da makullin ya jera su a saman kanta, yana kaɗe su da tsumma duk Asabar kamar kwallayen amarya. Ban taɓa ganin mahaluƙin da ya buɗe ɗaya ba, in ban da gara. Ita kam ta yi nisa a karatu, ta kusa zama alƙali.

Ina aji biyu ke nan saƙo ya zo daga Kebbe cewa za a sare ɗorawar kakata. Kawuna ne ya sayar da gonar gado don ya sayi babur, wanda ya sayi gonar kuwa wani ɗan kwangila ne mai tumbi kamar randa, da agogo biyu, ɗaya a kowane hannu. Yana so ya gina rumbun siminti daidai inda itaciyar take. Kaka ta gaji ɗorawar nan daga mahaifinta. Da kalwarta take yin daddawa, da daddawar take cin gashin kanta, ba ta jiran ɗa ko suruki. Ta kai ƙara gaban alƙali, aka sa rana cikin hutun bazara.

Na aika mata cewa ta kwantar da hankalinta, jikanta zai zo da doka.

Mako uku ina zarya ɗakin karatu. Malamin ya riƙa kallona kamar ɓarawon akuya, don bai saba ganin mutum kusa da kantar nan ba. Na duba jerin kalmomin da ke bayan kowane littafi, babu ɗorawa. Na samu dokar giya, dokar jirgin ƙasa, dokar haƙar ma'adinai, har da dokar da ta tsara yadda za a kama mahaukacin kare. Mutanen da suka zauna suka rubuta wannan tsauni na takarda, ko ɗaya bai taɓa tambayar abin da ake sa wa miya ba. Turancin kuma jimla ɗaya sai ta tashi daga Tambuwal ta kai Sanyinna ba ta huta ba.

Da hutu ya zo na ga ba ni da komai sai cika bakin da na riga na yi. Sai na ari wanda ya fi kowanne ƙiba. Na san abin da ke cikinsa, jiragen ruwa ne da tashoshinsu daga farko har ƙarshe. Amma na ce a raina, ɗan kwangila ba ya karatu, nauyi yake ganewa.

A motar Kebbe yaron mota ya so ya caje ni kuɗin mutum biyu. Duk ramin da muka faɗa sai littafin ya yi tsalle ya dawo kan cinyata, har na isa gida ina tafiya kamar mai kaciya.

Kaka ta dube ni, ta dubi kayana. "Maigida, wanga mi na? Tubali ka kawo ka gina mini ɗaki?"

"Doka ce, tsohuwa. Gobe mai agogo biyu zai san kin auri mai ilimi."

"To Allah shi sa. Ni dai ban taɓa ganin miji da ƙafa kamar sillen kara ya ƙwato ma mace komi ba."

Washegari muka shiga kotu, ita a gaba da sandarta, ni a baya da littafi a ka. Na dire shi gaban alƙali har ƙura ta tashi. Ɗan kwangila ya yi tsuru, ya dubi agogon dama, ya dubi na hagu. Na ji daɗi ƙwarai, na kusan minti ɗaya.

Alƙali dattijo ne mai farin gemu, ba ya gaggawa. Ya ce, "Yaro, mi littafinka ya ce game da ɗorawa?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, maganar tana da tsawo."

"Muna da lokaci. Magatakarda, taya shi."

Ashe magatakardan ya yi sakandare. Ya buɗe tsakiya, ya karanta, ya fassara da murya mai daɗi: duk jirgin da zai shiga tasha sai ya kunna jar fitila a hagu, koriya a dama. Kotu ta ɗauki dariya, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya jingina da bango. Wani tsohon Bafillace da ya zo tasa shari'ar ya tambaya ko jirgin ta burtali zai biyo, ya kau da shanunsa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja littafin na rufe.

Alƙali ya bari aka gama, sannan ya juya ga ɗan kwangila. "Alhaji, shekara nawa da ka sayi gonar?"

"Biyu, Allah shi gafarta Malam."

"Cikin shekarun nan, an kawo maka wani abu daga itaciyar?"

Alhaji ya washe baki. "Ƙwarya guda ta daddawa duk shekara. Ita da kanta ta ka aiko mini, don ta san ni ad da wuri."

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Ka ji shi da bakinai!"

A wajenmu sayen gona bai haɗa da ɗorawar da ke cikinta, sai in an ambace ta gaban shaidu. Mai itaciya kuwa duk shekara yakan kai wa mai gona ƙwarya guda, ladan inuwar da ta hana masa shuka. Kowace yarinya mai tallan daddawa a Kebbe ta san haka. Alhaji ya daɗe a birni yana auna yashi, ya ɗauka gaisuwar talaka ce ga mai kuɗi.

Alƙali ya ce, "Da taka ce, da duka za ka karɓa, ba ƙwarya ba. Ka ci ladan inuwa shekara biyu, ka shaida ita ke da itaciya. Gona taka, ɗorawa tata. Kada gatari ya taɓa ta."

Aka gama cikin lokacin da bai isa a dafa shayi ba. Ni da makona uku a ɗakin karatu.

A gida Kaka ta dafa kalwa, ta zuba a kwando, ta rufe da ganye da faifai, tana neman abin da za ta danne. Idonta ya faɗa kan littafin.

"Maigida, miƙo mini dokar taka."

Kwana uku ya yi a kan kwandon, ta kuma ce ba ta taɓa samun daddawar da ta nuna kamar wannan ba. Na mayar da shi kantarsa bayan hutu. Har yau in ka shiga ɗakin karatunmu da rana tsaka za ka ji ƙanshin miyar kuka na tashi daga sama, malamin yana ta neman mushen ɓera a bayan kabad.