Alidu da Jirgin Masta

Fusena tana cikin takaba damina ta kankama a unguwar Nima, cikin babban birnin Gana. Ba ta fita, famfon unguwa da nisa, 'ya'yanta duk suna gidajen aurensu. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da duronta cike fal da ruwa. Maƙwabcinta Alidu direba ne ya karkato bakin tamfol ɗin da ya lulluɓe jirgin ruwan da ke filin ƙofar gida, ya ɗaure da igiya yadda ruwan sama zai gangara cikin duron. Da ta fita takaba ta yi masa godiya, ya ce ruwan Allah ne, da ma kwata zai bi.

Jirgin ba nasa ba ne. Alidu mutumin Bawku ne, can arewacin ƙasar, motar albasa ce ta kawo shi kasuwar Agbogbloshie yana saurayi. Ya yi karen mota, ya yi dako, ya ja trotro, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Madina, bai taɓa daɗewa wuri ɗaya ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Daga baya ya samu tuƙi wurin wani ɗan kasuwa ɗan Labanan da yake kira Masta. Masta yana da farin jirgi mai inji a Ada, bakin teku, inda yake kai iyalinsa shan iska ranar Lahadi. Idan ruwan sama ya fara, teku ya yi sanyi ya yi fushi, Alidu ne ke jawo jirgin a tirela a ajiye shi har rana ta dawo.

Shekarar da sojoji suka rushe kasuwar Makola, Masta ya kwashi iyalinsa cikin gaggawa. Gidansa na haya ne, don haka ya ce wa Alidu ya riƙe masa jirgin har sanyin nan ya wuce. Alidu ya roƙi mai gida, aka ba shi filin da mata ke shanya.

Fusena ta ga yadda yake yi, domin ɗakinta ne ke kallon filin. Yakan tsoma ƙafar injin cikin ruwan daɗi ya tayar, don gishiri ya fita. Ya tsiyaye man fetur, ya ɗiga baƙin mai a ramin fulogi, ya shafe kowane ƙarfe da giris saboda tsatsa. Ya ɗora tirelar a kan bulo don tayoyi su huta, hancin jirgin sama, ya cire toshiyar baya don kada ruwa ya kwanta a ciki. Kujerun soso kuwa ɗakinsa ya kai su ya rataye, ya zuba kafur saboda ɓeraye da fumfuna. Shi yana kwana a tabarma, kujerun Masta suna lilo a kansa.

Sanyi ya wuce, Masta bai dawo ba. Wani sanyin ya zo ya wuce. Duk da jirgin bai ƙara ganin teku ba, Alidu bai fasa komai ba: damina na ƙaratowa zai kwance, ya wanke, ya shafe, ya ɗaure. Matan gida suka sa masa suna Kyaftin, alhali kowa ya san ko a Ada bai taɓa yarda ruwa ya wuce masa idon sawu ba. Zenabu mai waake, wato shinkafa da wake, takan tambaye shi ko Annabi Nuhu ya aiko da ranar tashi, a sa mata kujera ta gaba. Sai ya ce da nauyinta ko babban jirgin tashar Tema ba zai ɗaga ba.

Zaman ne ke cinsa. Ya koma jan trotro, amma gajeriyar hanya kawai, don ya riƙa leƙowa. Direbobin albasa suka yi ta kiransa doguwar tafiya, ya ƙi. Masunta daga Chorkor suka zo neman injin lokacin da inji ya yi wuya, ya ba su ruwa suka sha, ya raka su titi. Fusena takan gan shi da la'asar yana zagaya jirgin, ya ja wannan igiya, ya taɓa waccan, ya fita bakin titi ya kalli motocin arewa, ya dawo.

Sai saƙo ya fara zuwa daga Bawku ta bakin direbobi. Yayarsa Ayisha, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, idonta yana tafiya. Ta ce ya zo tun tana iya ganin fuskarsa. Ya ce sai damina ta wuce. Da ta wuce ya hau mota, amma ba a yi nisa ba, a Nsawam, zuciyarsa ta ƙi, ya sauka ya juyo. Ya tarar an riga an kwance taya ɗaya an yanke igiyoyi. Daga ranar ya daina zancen tafiya, ya kuma daina dariyar Zenabu.

Saƙo na gaba ya ce Ayisha inuwa kawai take gani, da murya take rarrabe jikokinta. Alidu ya je wurin liman. Liman ya ce amana nauyi ce, zumunci ma nauyi ne, kuma babu laifi ya danƙa ajiyar a hannun wanda ya amince da shi. Ya zagaya mazan unguwa. Wani ya ce zai riƙe idan za a bar shi ya ba da hayar injin. Mai gida ya ce shi da ma filinsa yake so, zai kafa kanti. Daga wurin kowannensu sai Alidu ya dawo yana tafiya da sauri kamar ana binsa.

Ranar wata Alhamis da hantsi Fusena tana wanke ƙwaryar koko a bakin ƙofarta. Tun rasuwar mijinta a cikin gida take damawa, masu saye su shigo, domin ba ta son zaman titi. Alidu ya zo da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa nesa kaɗan. Ba ta taɓa ganinsa a durƙushe ba. Ya ce ya wanke injin ya shafe, zai kai wata damina ba a taɓa shi ba. Ya ce motar albasa tana jira a Agbogbloshie, kuma wannan karon ba ya son ya sauka a hanya.

Ta ce ita mace ce, ba ta san kan inji ba, kuma ko ɓarawo ta gani ba ta iya ɗaga murya.

"Ba sai kin yi ihu ba, Mma Fusena," in ji shi. "Abin da mutum ke zaune gindinsa ba a kwance shi. Ki fito da tukunyar kokonki inuwar jirgin, ki riƙa sayarwa a nan, ki yi lazuminki a nan. Don Allah ki zauna mini, in je Ayisha ta gan ni."