Riɗi Uku a Ruwan Tabkin Barmu

"Kaka, Malam Illa ya rasu!"

Haka jikata Hajara ta faɗa daga bakin rumfata a kasuwar Tawa, ko sallama ba ta yi ba. Ina riƙe da basilla ina ɗinkin kuben wuƙa. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye fatar. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zo mini a zuciya kwalaben nan ne da ke jere a tagar ɗakinsa, rana tana ratsa ruwan cikinsu. Na ce a raina, yanzu wa zai duba su?

Malam Illa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya. Da ya bar koyar da yara sai ya buɗe ajin manya a zaurensa, in an tashi kasuwa. Ni baduku ne, na shiga ajin nan gemuna ya riga ya yi fari, jikokina sun fi ni sanin baƙi. Ranar farko alli ya karye a hannuna sau biyu. Bai yi dariya ba. Ya kama yatsuna ya ce, "Hannun da ya iya ɗinkin fata ba ya kasa rubutu. Sassauta riƙo kawai, alli ba basilla ba ne." Duk abin da kuke karantawa a nan, daga wannan riƙon hannu ya fito.

Amma akwai wani aiki nasa da ba kowa ya gane ba. Da damina ta yi nisa, tabkuna suka cika, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Barmu ko Tabaram da kwalabe a mangala. Yakan ɗebo ruwa, da kumfar da ke taruwa a bakin gaɓa, da ruɓaɓɓen ganyen bagaruwa. A gida ya zuba a kwalba, ya jefa riɗi, ya rufe da ƙyalle. Bayan kwanaki sai ka ga wani farin gashi ya kewaye riɗin kamar auduga. Fumfunar ruwa ke nan, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku, sai dai ita a cikin ruwa take rayuwa, tana cin abin da ya mutu tana mayar da shi ƙasa.

Yana da wani tsohon madubin likita mai ƙaramin gilashi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Ranar da ya fara sa ni na leƙa, na ga kamar na faɗa wani daji a cikin mafarki. Zarurruka farare sun miƙe sun yi rassa, babu ganye, babu inuwa. Wasu kansu kamar taɓarya, wasu kamar goruba. Waɗanda ke cikin kumfa kuwa ƙafa huɗu gare su kamar sawun tsuntsu a yashi. Da waɗannan siffofi yake raba su gida gida, ya zana kowace a kaye, wato littafin rubutunsa, ya kwatanta da wani littafin Faransanci da bangonsa ya tsufa. Yakan ce, "Abin da ban gani sau ukku ba, da fensir nike rubuta sunanshi." Akwai wasu da ya shekara yana lissafa su cikin fumfuna, daga baya ya karanta cewa masana sun fitar da su zuwa wani dangi. Ya goge, ya sake musu shafi, yana murmushi kamar wanda ya gano baƙonsa ɗan wani gari ne.

Bai taɓa ganin teku ba. Ni na gan ta lokacin da nake zuwa ci rani Abijan, saboda haka yakan zaunar da ni ya ce in ba shi labari. Ba girman ruwan yake tambaya ba. Cewa yake, itacen da igiyar ruwa ke jefowa gaɓa, wane launi ne, yana da ɗigo-ɗigo baƙi? Duk wanda zai tafi ci rani, sai ya roƙe shi guntun ruɓaɓɓen ice daga bakin teku. Mutane suna dawowa da atamfa da rediyo, shi tsarabarsa ke nan. Ya taɓa riƙe wani guntu a tafin hannu ya daɗe yana sansana gishirinsa, idonsa a lumshe, sannan ya ce, "Ashe can ma suna nan, suna aikinsu, ba wanda ya gode musu."

To, daga nan maganar ta taso. Tun yana da rai ana raɗa cewa aljanun ruwa yake kiwo a kwalba, riɗin nan kuwa abincinsu ne. Shi bai damu ba. Amma ranar addu'ar uku na ji da kunnena wani yana cewa ciwon nan da ya ɗauke shi, mutanen tabki ne suka zo karɓar nasu. Matarsa Tsahara tana cikin takaba, tana jin komai ta bayan zana. Mutumin da ya koya wa rabin layinmu rubuta sunansu, ga sunan da za a bar wa 'ya'yansa.

Ƙanensa Alhaji Sha'aibu ya zo daga Takanamat. Mutumin kirki ne, tsoron bakin mutane ne ya kama shi. Ya sa aka zubar da ruwan kwalaben, ya ce a haƙa rami a binne kayen da madubin.

Na ce, "Alhaji, don Allah ka dakata. Wanga abu ilimi ne."

Ya ce, "Malam Abdu, kai ka iya nuna ma mutane haka?"

Na ce zan iya, alhali kallo kawai na saba yi.

Ya ce, "Na ba ka zuwa arba'in. In ba ka nuna ba, rami."

Na bi motar kasuwa zuwa Barmu na ɗebo ruwan tabki. Da na zo jefa riɗi sai na tuna 'yan ƙwayoyin da Malam ke sawa, na ga abin ya yi kama da rowa. Baƙo kake so ya zo gidanka, ka tarye shi da ƙwaya uku? Na cika tafin hannuna na zuba, har na ƙara kaɗan. Kwana uku ruwan ya yi kauri, ya yi wari, ƙudaje suka taru. Hajara ta shigo ta toshe hanci.

"Tsoho, miya kake dama wa aljanun? Ko su ma sai su yi yaji su bar gidanga."

Na ce, "Ke da ba ki iya miyar ba, ina ruwanki?"

Ta yi dariya ta fita, ni kuwa na zauna kamar in yi kuka. Na sake zuwa Barmu, na sake zubawa, wannan karon rabin tafi. Haka dai ya ruɓe. Kwana talatin suka wuce, tabkin kuma ya fara ja da baya.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na buɗe kayensa na fari, na sa yatsa ina bin layi, baƙi bayan baƙi, kamar ranar da na fara. Da Hausa ya rubuta, don irina. A dafa riɗi. A tsaga shi. Uku kawai a kwalba, in ya yi yawa ruwa zai ruɓe kafin ta fito. A ajiye a inuwa. Ina karantawa ina jin muryarsa kamar yana zaune a gefen tabarma.

Na yi yadda ya ce. Kwana uku ban taɓa kwalbar ba. Jiya da hantsi na ɗaga ƙyallen, sai ga farin gashi ya kewaye kowace ƙwaya, yana lilo a hankali cikin ruwa kamar hazo a kan fadama. Na tsinko kaɗan, na ɗora a gilashi, na juya madubi har rana ta shiga. Ga dajin nan ya dawo. Ina cikin kallo kan wata taɓarya ya buɗe, wasu 'yan ƙananan abubuwa suka fito suka watse suna iyo. Jama'a, ni da jikoki goma sha ɗaya, tsalle na yi! Ko ranar da aka haifa mini jikan fari ban yi irin wannan ihu ba.

Na aika aka kira Alhaji Sha'aibu. Ya yi bismilla ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce, "Wanga na cikin ruwan da muke ba shanu?" Na ce shi ne. Ya ce, "Shekara nawa Yaya yana kirana in gani, ina ce mishi sai wani jiƙon." Ya share fuska da hannun riga. "Ba a binne komi. Amma ni kaɗai ban isa ba, sai waɗanda suka yi maganar sun gani."

Allah ya jiƙan Malam Illa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Allah ya ba Tsahara haƙuri, ya raya 'ya'yansa, ya tsare musu sunan ubansu. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Jibi ne addu'ar arba'in. Bayan an shafa fatiha zan fito da madubin ƙofar zaurensa, inda rana ke faɗowa. Maza da mata, kowa ya zo, kuma ku zo da hantsi kafin inuwa ta rufe wurin. Wanda ya taɓa faɗin wata magana a kansa, ba wanda zai tambaye shi. Ya zo kawai ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya gani.