Lambar Waya a Cikin Fata

Littattafai uku maigidana ya shigo da su a leda, shekarar da 'yata ta cika huɗu. A wani otal yake aiki a unguwar Kudai, nan Makka, kuma idan alhazai suka manta kaya aka gaji da jira ba a zo nema ba, sai a bar wa ma'aikata. Wasu sun samu barguna. Shi kuwa littattafan Turanci ya samu, na wani alhaji da ya zo daga Birtaniya. Na ce masa, "Duk faɗin otal ɗin nan abin da ya rage maka ke nan?" Ya ce ai akwai hotuna.

Ni a aji huɗu na tsaya, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Amma ido ina da shi. Na farko na namun dajin ƙasarsu ne. Na ga bushiya sak irin tamu, na ga mujiya mai farar fuska, da wata dabba mai zanen baƙi da fari a kai wadda har yau ban san sunanta ba. Na biyu na al'adunsu ne, kowa da lema a hannu, kowa a kan layi. Na uku na yaƙi ne, hotunan duk babu kala.

A lokacin 'yata ba ta magana. Tana ji sarai, tana cewa "Umma", tana cewa "moya" in tana son ruwa, amma in baƙo ya tambayi sunanta sai ta zuba masa ido. Abin da ya hana ni sakewa ke nan. Duk wanda ya zauna a Makka ya san yadda cunkoso ke raba uwa da ɗa, hannu ne zai zame, shi ke nan. Yaro mai baki zai ce gidanmu a Mansur yake. Tawa fa?

Ita ta riƙe littafin dabbobi, ni kuma na yaƙi ya riƙe ni, saboda hoto ɗaya. Yara ne cike da tashar jirgin ƙasa, kowane da ƙaramin akwati, kowane da kati ɗaure a wuyan rigarsa. Na kai wa maƙwabciyarmu, wata 'yar Zariya mai aikin jinya, ta karanta min. Ta ce bama-bamai ake zubawa a biranensu, sai aka kwashe yara zuwa ƙauye, katin kuma sunan yaro ne da inda ya fito.

"Iyayen ba su bi su ba?"

"Ba su bi ba."

A gefen hoton akwai wata mata ta toshe baki da hannu. Na daɗe ina kallonta. Na ce wa maƙwabciyar ta samo takarda ta rubuta min sunan 'yata da unguwarmu da lambar wayar ubanta, da Larabci da boko. Niyyata in sa a leda in maƙala mata a riga duk sanda za mu fita.

Kuskuren da na yi shi ne na ajiye takardar a kan firji. Surukata, uwar maigidana, tare muke zaune. Tun tana yarinya iyayenta suka biyo ta Sudan da ita, kuma ba ta bar ko ɗaya daga cikin abin da ta taso da shi ba. Takardar ta ɓace kwana biyu. A na uku ta miƙo min ita an naɗe, an ɗinke cikin jar fata da zare, tsaf kamar laya.

"Ke 'yar nan, rubutun jikata ne za ki rataya mata tsirara? Rubutu a jikin yaro fata ake sa masa."

"Hajiya, ai don a karanta aka rubuta."

"Wa zai karanta? Ke dai rataya mata."

Ba a ja da suruka. Na rataya, na ce a raina zan sa a rubuta wata. Yau, gobe, har azumi ya kama ban yi ba.

A goman ƙarshe ne, bayan la'asar, a wurin hawa motocin Harami a Kudai. Aka buɗe ƙofar mota, mutane suka turo, na ji hannuna wayam, babu 'yata. Na kira sunanta har muryata ta dishe, alhali na san ko ta ji ba za ta amsa ba. Na leƙa ƙarƙashin motoci. Takalmina ɗaya ya tafi ban sani ba. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara, maigidana ne.

"Kina ina? Wani ya kira ni, yarinya tana shagonsa, kusa da masu dabino."

Wani dattijon Balarabe ne mai sayar da ruwa. Na same ta zaune a kan kwali tana shan lemo, shi kuma almakashi a hannunsa, fatar a yage a kan tebur. Ashe da ya ga laya a wuyanta ransa ya ɓaci, don a nan ba a son ganinta ko kaɗan. Ya yanke zaren, ya farke don ya ga abin da aka rubuta kafin ya ƙona. Sai ya ga lamba.

"Haram, ya binti, haram!" in ji shi, yana nuna ni da almakashin. Can kuma dariya ta ƙwace masa. Ya ce ya sha farke irin waɗannan, bai taɓa ganin mai lambar jawwal, wato wayar hannu, ba sai yau.

Da muka koma gida na ba Hajiya labari. Ta gyara zama ta ce, "To kin gani? Da a leda kika sa, da ko kallo bai yi ba."

A makon nan na sayi baƙin alƙalami irin wanda ba ya fita a wanki. Na zauna gaban maƙwabciyata har na iya rubuta lambar da hannuna, ta Larabci da ta boko, ba tare da na duba ba. Na bi rigunan 'yata ɗaya bayan ɗaya na rubuta a ƙirji, ta waje, manya-manya. Hajiya ta ce na lalata kayan sallah. Da rigar muka fita ranar idi, ni da ita kaɗai, muka shiga mota a Kudai muka je Harami muka dawo.